Ranar da Lauya Ya Kawo Hujja

A maɗaba'ar da nake aikin yankan takarda akwai wani mutum da muke kira Lauya. Bai taɓa shiga ajin koyon shari'a ba, ko da don fakewa ruwan sama. Abin da ya faru shi ne, yana saurayi ya yi wata bakwai yana ɗaukar wa wani lauya jaka, kuma har yau bai sauke ta ba. In ka taka masa ƙafa, zai faɗa maka sashe na nawa ka karya. In ka ce masa sannu da aiki, sai ya ce yana son ya san da wace manufa ka faɗa kafin ya amsa. Aikinsa a wurinmu ɗaure littattafai ne, kuma tsakani da Allah ya iya, hannunsa na da kyau. Bakin ne ba shi da birki.

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, ni nake goya shi a babur safe da yamma. Shekara tara ke nan ina shan shari'a ta bayan kunne.

Da shugaban ma'aikatanmu ya yi ritaya, Manaja ya tara mu ya yi gyaran murya sau uku, kamar yadda ya saba kafin ya ce komai, ya ce nan da sati biyu zai sanar da wanda zai gaje shi. Kujerar tana zuwa da tebur, da fanka ta kanka, da makullin sito. Kafin mu isa gida a ranar, Lauya ya gama naɗa kansa. Ya faɗa wa matarsa, ita kuma baiwar Allah ta yarda, ta faɗa wa matan layinmu kaf.

Washegari a kan babur ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Kujerar nan tawa ce, amma akwai maƙarƙashiya."

"Ta wa?"

"Baba Injiniya."

Baba Injiniya shi ne dattijon da ke sarrafa babban injin buga takardu. In ya yi kalma goma a yini, to ranar ya yi surutu.

Na ce, "Baban da ko gaisuwa a taƙaice yake yi?"

"Irinsu ne macizan ƙaiƙayi. Ka lura da na shiga ɗakin shayi sai kowa ya yi shiru?"

"Ai kai kake karɓe maganar."

"Kai ba ka san aikin bincike ba. Da na fita suke zagin Manaja, da ni da shi suke haɗawa. Zan naɗi muryarsu a waya ba su sani ba, in ajiye wa Manaja a tebur. A shari'a, hujja ita ce uwa, ita ce uba."

"Doka ta yarda da haka?"

"Ni kake tambaya doka? Tuƙa babur ɗinka."

Ƙarfe sha ɗaya muke hutun shayi a wani ɗan ɗaki da ke bayan babban inji. Ranar farko ya riga kowa shiga, ya manna wayar da salatif a ƙarƙashin tebur, ya fito yana fito kamar wanda bai san komai ba. Da yamma ya tsayar da ni a bakin hanya muka saurara. Minti arba'in na rurin inji ne, sai zuƙar shayin Direba, mai kai mana kaya, da ke shigowa lokaci-lokaci, fuuut, fuuut. Can wajen ƙarshe aka ji muryar Baba ya ce, "Miƙo sukari."

Lauya ya ɗaga yatsa. "Ka ji yadda ya faɗe ta? Da gadara. Mutumin da ya riga ya ɗauki kansa shugaba."

"Sukari fa ya nema."

"Yau sukari, gobe makullin sito."

Rana ta biyu ya ce tebur ya yi kusa da inji. Sai ya tura wayar cikin wani kwali da ke jingine a kusurwar ɗakin, ya huda ƙaramin rami ta gefe. Bai duba abin da ke cikin kwalin ba. Littattafan rubutu ne na wata makaranta da ke can ƙarshen gari. Ana gama shayi Direba ya sungumi kwalin, ya wurga shi bayan mota, ya jibga wasu shida a kai, ya kama hanya.

Lauya ya shiga ɗakin, ya fito, ya sake shiga. Ya zo wurina fuskarsa kamar an watsa masa ruwa.

"Ina kwalin da ke nan?"

"Ya tafi makaranta."

Ana cikin haka matarsa ta kira shi don ta tambaye shi ko ya ga makullin ɗakin girki. Wani malami da ke buɗe kwalaye ya ɗauka ya ce, "Wa ke magana?" Ta ce, "Kai ne wa?" Ya ce shi ma a kwali ya tsinci wayar. Ba ta tsaya jin ƙarshe ba, ta yafa mayafi ta fita layi tana cewa an sace wayar Baban yara, kuma Allah kaɗai ya san abin da aka yi da shi kansa. Da muka dawo da yamma, bayan mun zaga makarantar mun karɓo wayar da gilashinta a tsage, muka tarar da rabin unguwa a ƙofar gidansa. Har da masu cewa dama sun ga alama a fuskarsa da safe.

Mai hankali zai ce faɗuwa wayar ta yi. Lauya ya hau dandamalin shagon Mai Aski, ya yi wa jama'a bayani dalla-dalla cewa wani bincike ne na sirri yake gudanarwa a wurin aiki, ya faɗi sunan wanda ake bincika, ya roƙe su kada maganar ta fita.

Telan layinmu ya ce, "To me ka samu a naɗin na yau?"

Ya kunna. Awa ɗaya da rabi na Direba yana rera waƙa da muryar da ko akuya ba za ta jure ba, yana tsayawa jifa-jifa ya zagi masu babur.

Mai Aski ya ce, "Wannan kam hujja ce. A ɗaure shi."

Abin da Lauya ya manta shi ne, duk ranar Asabar Baba Injiniya a wannan shagon yake aski.

A yammacin da muka karɓo wayar ne ƙanwar matarsa ta zo. Ita ce ke karatun shari'a na gaske, tana shekarar ƙarshe, kuma tun tana ƙarama ita da shi ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Muna zaune a tsakar gida yana shafa tsagaggen gilashin, ta ja kujera ta zauna.

"Yaya, na ji an ce ka buɗe ofishin leƙen asiri."

"Yara ba sa sa baki a maganar manya."

"To babba, bari yarinya ta faɗa maka. Ka ajiye waya a ɗakin da ba ka ciki ka naɗi maganar mutane, laɓe ke nan, kuma zai iya kai ka gaban alƙali. In kana cikin hirar da kanka, to wannan ya danganta. Wani wurin doka ta ƙyale, wani wurin sai kowa ya amince. Kuma ko doka ta ƙyale ka, wurin aikinka na iya ƙin ƙyale ka. Ka karanta littafin ƙa'idojin ma'aikata?"

"Ni na ɗaure shi da hannuna."

"Cewa na yi ka karanta?"

"Ina ɗaukar jakar lauya ke ko rarrafe ba ki fara ba."

"Jakar ka ɗauka, Yaya, ba abin da ke ciki ba."

Matarsa ta leƙo daga ɗakin girki. "Baban yara, ka bar wannan abu. In kujerar taka ce ai za ta zo har inda kake."

"Ke ba ki san duniya ba. Kujera ba ta da ƙafar tafiya."

"Huɗu gare ta," in ji ƙanwar.

Daga duk abin da yarinyar nan ta faɗa, jimla ɗaya ce ta shiga kansa. Da safe a kan babur ya ce min, "Na yi nazari a daren jiya na gano wata kafa a doka. In ina cikin hirar, ba wanda ya isa ya taɓa ni."

"Ai ta ce ya danganta."

"Wa? Wannan ni na koya mata."

Ranar Litinin ya sa farar riga mai shara-shara, ya zura wayar a aljihun gaba, ya shigo ɗakin shayi ƙirji a gaba. Hasken wayar na fitowa ta cikin yadin, har kana iya karanta daƙiƙoƙi suna tafiya. Baba Injiniya, da sabon askinsa, ya dubi aljihun, ya dubi Sakatariyar ofis. Sakatariya ta dubi Direba. Kowa ya mai da ido kan kofinsa. Ni kuwa na zauna a bakin ƙofa, don ban taɓa yarda kallo na kyauta ya wuce ni ba.

Lauya ya zauna ya ce, "Oh, wannan Manaja namu."

Direba ya zuƙi shayi, fuuut. Lauya ya sake gwadawa.

"Na ce Manajan nan namu, sai a hankali."

Direba ya sunkuyo daidai aljihun ya ce da ƙarfi, "Mutumin kirki. Ban taɓa ganin shugaba mai adalci irinsa ba."

Sakatariya ta ce, "Ga tausayi. Allah ya ƙara masa lafiya."

Lauya ya ga tarko bai kama ba, sai ya ƙara hatsi. "Haba, mu da muke mu kaɗai. Wa bai san in ya rufe ofis bayan cin abinci ya ce yana nazari, barci yake ba? Minsharinsa har wurin ɗaurin littafi nake ji."

"Ni dai ban taɓa ji ba," in ji Direba.

"To gashin fa? Mutum ya kusa sittin, kai baƙi wuluk kamar an shafa tawadar inji. Ranar da aka yi ruwa ba ku ga yana zuba ta bayan kunne ba?"

Shi kuwa Lauya, in aka bar masa fili, mantawa yake da abin da ya kawo shi. Ya miƙe tsaye. Ya kwaikwayi gyaran muryar Manaja sau uku. Ya kwaikwayi tafiyarsa. Ya ce mutumin bai san bambancin gaban takarda da bayanta ba. Ya ce ba don ya auri ƙanwar mai kamfani ba, ko gadin ƙofa ba za a ba shi ba. Ya ce in shi ya zama shugaban ma'aikata, wata uku ya isa ya nuna wa mai kamfani wanda ya kamata ya zauna a wancan ofishin. Minti ashirin cur yana abu ɗaya, shayinsa ya huce bai kurɓa ba.

Can Sakatariya ta ɗaga gwangwani ta ce a hankali, "Baba, madarar ta ƙare ko?"

Baba ya ce, "Haka ne."

Lauya ya juyo ya kashe min ido.

A hanyar gida yana ta dukan kafaɗata. "Ka ji shi da kunnenka. Haka ne. Ya amsa laifinsa. Minti na ashirin da uku, na riƙe a kai."

"Ka saurari abin daga farko kuwa?"

"Me zan saurara? Ina wurin aka yi."

"Lauya, don girman Allah ka saurara."

"Hassada ce ke damunka. Kada ka damu, in na hau zan sa a canza maka wuƙar injinka."

Na ci gaba da tuƙi. Na san ban kyauta ba da ban tsayar da babur na ƙwace wayar ba, amma shekara tara na shari'a ta bayan kunne ba wasa ba ce.

Ranar sanarwa ya zo da riga sabuwa da matarsa ta goge masa, da wata sifika da ya aro wurin Mai Aski don ya haɗa ta da wayar. Tun kafin kowa ya zo ya sa tsani ya ɗora ta can saman kantar takardu, wai don sauti ya game ɗaki. Direba ya zo daga baya ya ɗauke tsanin ya kai waje, don yana son ɗaure kaya a kan mota.

Aka kashe injuna, muka taru mu goma sha huɗu. Manaja ya fito da farar ambulan a hannu, gashi yana sheƙi. Ya yi gyaran murya na farko, ya yi na biyu, kafin ya kai na uku Lauya ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, kafin a yanke hukunci ina da hujja."

"Hujjar me?"

"Ta cewa a cikinmu akwai mai cin amanarka. Ba zan kama suna ba, amma dattijo ne kuma yana aiki da babban inji."

"Bari in gama sanarwar tukuna."

"A shari'a, ranka ya daɗe, hujja ake fara ji."

Manaja ya ajiye ambulan a kan tebur ya harɗe hannu. Lauya ya danna wayar, ya sa yatsa zai ja ta zuwa minti na ashirin da uku. Gilashin da ya sha nauyin kwali shida ya ce bai san zancen ba. Daga saman kanta, da ƙarar da ta cika ɗakin, muryar Lauya ta sauko tar: "Oh, wannan Manaja namu."

Ya danna. Ya goga wayar a riga ya sake dannawa. Direba na cikin waya ya yaba wa adalcin Manaja, Direba na tsaye ya gyara wuyan riga ya sunkuyar da kai don kunya irin ta mutanen kirki. Sai aka shiga babin minshari.

"Wannan gabatarwa ce kawai," in ji Lauya da ƙarfi. "Dabarar bincike ce. Ana kiranta..."

Muryar sama ta danne shi. Karo na farko ke nan da na ga Lauya ya haɗu da wanda ya kasa katsewa. Ya ruga wurin kanta, babu tsani. Ya yi tsalle, hannunsa bai kai ko rabi ba. Ya ja wani kwali ya hau, kwalin ya lotsa, ƙafarsa ta shige har gwiwa.

Manaja ya ce, "Bar shi. Ai ka ce hujja ake fara ji."

Aka zo kan gashi. Hannun Manaja ya tafi bayan kunnensa da kansa, ya dawo da shi da sauri. Sakatariya ta cusa bakin mayafinta a baki, kafaɗunta na rawa. Da aka zo kan gyaran murya, uku daga sama, daidai wa daida, wani daga baya ya fita waje da gudu, muka ji dariyarsa ta taga. Da aka zo kan ƙanwar mai kamfani da gadin ƙofa, ba wanda ya sake yin dariya. Muka tsaya a haka har minti na ashirin da uku, Sakatariya ta tambayi madara, Baba ya ce haka ne.

Lauya, da ƙafa ɗaya a kwali, ya nuna Baba. "Kun ji ko?"

Manaja ya ce, "Mun ji madara ta ƙare."

Lauya ya zaro ƙafarsa, ya gyara riga. "Ranka ya daɗe, ina da ƙorafi na doka. Wannan naɗi ba zai karɓu ba. An yi shi a ɓoye, ba tare da amincewar waɗanda ke wurin ba."

"Wa ya yi shi?"

"Wannan kuma sai an yi bincike."

"Shafi na tara na littafin ƙa'idojinmu ya hana naɗar maganar abokin aiki ba da saninsa ba. Ka san littafin?"

"Ni na ɗau..."

Manaja ya ɗauki ambulan ya buɗe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Baba na fara yi wa tayin kujerar nan, tun satin da ya wuce. Ya ce shi ya tsufa, a bar shi da injinsa. Na ce to wa ya gani. Ya ce a ba ka. Ya ce surutu ne kawai, amma a duk ɗakin nan ba mai hannunka, kuma ba ka taɓa makara ba. Shekaranjiya na sake tambayarsa ko ya canza ra'ayi, ya ce a'a." Ya ɗaga takardar. "Sunanka ne a nan. Na sa hannu tun jiya."

Lauya ya dubi Baba. Baba yana duban ƙasa, yana murza tsumman goge hannu.

Manaja ya miƙo min takardar. "Kai mai yanka, raba min ita huɗu." Ya juya ga Lauya. "Kai kuma ka je gida sati biyu. Ba don gashina ba, don shafi na tara. Kujerar za ta jira wani."

Na kai takardar kan inji. Na karanta ta kafin in sauke wuƙa, sunansa ne cikakke, an rubuta da manyan baƙaƙe, ga hatimi a ƙasa. Na sha yi wa mutumin nan dariya, ranar ma na yi, amma da wuƙar ta sauka sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Muka fito da sifikar Mai Aski a cinyarsa. Tun daga ƙofar maɗaba'a har muka wuce kasuwa bai ce uffan ba, har na waiga in ga ko ya faɗo. Muna shan kwanar layinmu na hango matarsa a ƙofar gida, ta ci ado, da mata uku a gefenta da yara suna leƙen hanya. Ya taɓa kafaɗata.

"Tsaya nan."

Na tsaya.

"Ka karanta takardar?"

"Na karanta."

"Sunana ne?"

"Sunanka ne."

Ya daɗe yana jujjuya wayar a hannu, yana kallon ƙofar gidansa.

"Duk cikin sati biyun nan, maganar nan ta Manaja ita kaɗai ce ya kamata in naɗa," ya ce a hankali. "Don Allah ka shigo ka faɗa wa Maman yara ka gani da idonka. In ni na faɗa, ba wanda zai yarda."